Ghosts 'n Goblins ko Ninja Gaiden: wanne ya kamata a fara da shi?

Ɗan yayata ya shigo gida gab da magariba da wani ɗan kwali a hannu, ya ce ya samo shi ne a babbar kasuwar Maradi wurin masu sayar da kayan waya. A cikin kwalin akwai wata ƴar na'ura da ake sokawa a bayan talabijin, da manet guda biyu, wato abin riƙewa da ake sarrafa wasa da shi, an kuma rubuta a jikinsa cewa na'urar tana ɗauke da dubban wasanni. Da ya gaji da lalube cikin jerin sunayen sai ya juyo ya ce mini, "Kawu, an ce ku ne ƴan zamanin kaset. A cikin tsofaffin nan wanne ya fi wuya? Shi nake so in gama kafin a koma makaranta." Sunaye biyu suka zo mini a take, Ghosts 'n Goblins da Ninja Gaiden, domin duk inda masu tsofaffin wasanni suka zauna musu a kan wahala, da wuya a tashi ba a ambace su ba. Sai dai na gaya masa cewa tambayarsa ba za ta kai shi ga zaɓi ba, saboda kowanne daga cikinsu yana da irin azabar da yake gana wa mutum, kuma abin da ya kamata ya sani shi ne wace iri ce zuciyarsa za ta iya ɗauka har tsawon makonni.

Asalin wasannin biyu shi ne ya fi bayyana halinsu. Kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Ghosts 'n Goblins a 1985 a ƙarƙashin jagorancin Tokuro Fujiwara, kuma an fara yin sa ne domin manyan injinan da ake ajiyewa a ɗakunan wasa, waɗanda sai an jefa kuɗi suke bari a taɓa su. Mai irin wannan inji ba ya cin riba idan yaro ɗaya ya yini a kai da kuɗin shiga guda, don haka aka gina wasan yadda zai kashe mutum da wuri, ya kuma bar masa ɗan kwaɗayin sake gwadawa. A 1986 aka mayar da shi kaset na na'urar gida ta Nintendo, wadda ake kira Famicom a Japan, NES kuma a Amurka, amma bai bar halinsa na cin kuɗi ba ko da yake babu sauran ramin jefa su. Shi kuwa Ninja Gaiden na kamfanin Tecmo, wanda Hideo Yoshizawa ya jagoranci aikinsa, ya fito a Japan a watan Disamba na 1988, a Amurka kuma a watan Maris na 1989, kuma tun daga tushe an tsara shi ne domin wanda ya riga ya sayi kaset ya zauna a ɗakinsa. Burin masu shi shi ne kada a gama shi a kwana ɗaya, amma suna so a ga ƙarshensa, tun da sun ɓoye labari a can.

Kafin a yi nisa, akwai batun suna, wanda yake rikita masu irin na'urar da ɗana ya sayo. A cikin jerin za a iya tarar da Ghosts 'n Goblins da sunansa na Japan, Makaimura, shi kuma Ninja Gaiden a gan shi a matsayin Ninja Ryukenden, ko kuma Shadow Warriors, sunan da aka sayar da shi a Turai. Akwai kuma wani Ninja Gaiden na injin jefa kuɗi da ya fito a 1988, wanda wasan dambe ne a kan titi, da wani na 2004 a na'urar wasa ta Xbox. Duka biyun wasu wasanni ne dabam. Wanda nake magana a kansa shi ne na NES.

A Ghosts 'n Goblins mutum yana riƙe da wani barde mai suna Arthur, wanda aljani ya sace masa gimbiya a gabansa, ya tashi bin sawu ta cikin maƙabarta, da daji, da wani gari da ya zama kufai, da kogo, har zuwa fadar sarkin aljanu, zango shida kafin ɗakin ƙarshe. Dokar da ta sa wasan ya yi suna gajeriya ce: taɓawa biyu ke kashe Arthur. Ta farko tana tarwatsa sulkensa ya koma gudu da gajeren wando, ta biyu kuma ta mayar da shi tarin ƙasusuwa. Babu ma'aunin lafiya da za a riƙa lissafi da shi, kuma sabon sulke ba ya samuwa sai jefi-jefi. Tsallensa ma yana da nasa sharaɗi, domin da zarar ƙafarsa ta bar ƙasa ba a iya sauya masa alkibla, inda aka nufa can zai sauka ko da wani abu ya ɓullo a wurin. Ba ya iya jifa sama ko ƙasa, gabansa kawai yake jefawa, alhali yawancin abin da ke kashe shi ta sama yake zuwa ko ta ƙarƙashin ƙafarsa. Ga agogo kuma yana ƙirga, idan lokaci ya ƙare ya mutu ko da babu abin da ya taɓa shi.

Makamai biyar ne a wasan, mashi, wuƙa, bakin wuta, gatari da garkuwa, kuma ɗaya kaɗai ake riƙewa a lokaci guda. Wuƙa ita ce abin nema saboda saurinta. Bakin wuta kuwa masifa ce da ke kama da kyauta: ana jefa shi ya faɗi kusa, ya tsaya yana ci a ƙasa, kuma idan biyu suna ci Arthur ba ya iya sake jifa sai sun mutu, wato yana tsaye hannu rabbana a daidai lokacin da ake rufar masa. Abin takaicin shi ne makamin da aka ɗauka ba ya rabuwa da mutum ko ya mutu, sai ya tsinci wani. Na sha ganin yaro yana tsallake makami a ƙasa kamar mai tsallake kunama, na kuma ga wanda ya faɗa a kan bakin wuta bisa kuskure ya ajiye manet ya ce a kashe a sake daga farko, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai jan aljanin nan mai fukafukai da ake kira Red Arremer, wanda yake zaune shiru a tsakiyar zangon farko kamar ba ruwansa. Wannan shi ne mai tsaron ƙofar wasan na gaskiya, ya fi dodannin ƙarshen zango, waɗanda yaranmu ke kira shef, cin rayuka. Ba ya bin hanya ɗaya da za a haddace, motsin ɗan wasa yake kallo: a jefa masa mashi ya tashi sama ya kauce, ya yi shawagi inda jifa ba ya kaiwa, sa'an nan ya kawo sura kamar shirwa ta ga ɗan tsako. Gudu ba ya raba mutum da shi, bin sa yake yi. A cikin kogon zango na uku kuwa ba ɗaya ba ne, da yawa ne. Farin jininsa, idan ana iya kiran tsoro da wannan suna, ya kai Capcom ta ba shi nasa wasannin, Gargoyle's Quest a 1990 da Demon's Crest a 1994. Daren farko da ɗana ya gwada, mun zuba shayi na ɗaya, na biyu da na uku, bai wuce wannan aljani ba. Sau ɗaya ya kashe shi, ya ɗaga hannu yana ihu, wani abu mai tashi ya zo daga gaba ya kwashe masa sulke kafin ya mayar da yatsa kan madanni.

Ninja Gaiden wata duniya ce dabam daga minti na farko. Ryu Hayabusa matashin ninja ne da ya tsinci wasiƙar mahaifinsa, wadda ta umarce shi ya ɗauki takobin gidansu ya tafi Amurka wurin wani masanin kayan tarihi mai suna Walter Smith, daga nan labarin ya ja shi har dajin Amazon, inda wani mugu mai suna Jaquio yake neman haɗa gumaka biyu domin ta da wani tsohon dodo. An kasa wasan babi shida, matakai 20, kuma tsakanin babi da babi ana nuna labarin da zane-zane masu kama da sinima, da fuskoki a kusa da kiɗa da rubutu, abin da ya kasance baƙo a na'urar gida a wancan lokaci. Ryu yana da ma'aunin lafiya mai gida 16, yana da gudu, takobinsa yana fita da zarar an danna, ana iya ɗan gyara tsallensa yana sama, kuma yana manne wa bango ya dira daga wannan zuwa wancan. A cikin fitilun da ke rataye a hanya ana samun makamai na biyu, kamar taurarin jifa da ƙwallayen wuta, waɗanda suke cin wani ma'auni na daban. Wanda ya baro Arthur ya kama Ryu zai ji kamar ya sauka daga amalanke ya hau babur.

Wannan sauƙin shi ne tarkon. Babi na ɗaya da na biyu suna sa mutum ya ɗauka ya iya, daga na uku kuma wasan yake fara nuna haƙoransa, kuma da abubuwa biyu yake cizo. Na farko, duk abin da ya taɓa Ryu yana cilla shi baya, alhali rabin wasan a kan ƴan tudu ake yin sa da rami a ƙasa, saboda haka gidajen lafiya 16 ba su da wani amfani idan tsuntsu ya buge shi yana tsakiyar tsalle: taɓawa ɗaya, rami, rai ya tafi. Tsuntsayen nan, waɗanda kowane bugunsu yake cire gida uku, su ne abin da duk wanda ya taɓa wasan yake fara tunawa. Na biyu, abokan gaba suna sake haihuwa. Kowannensu yana da wurin da aka dasa shi, kuma duk lokacin da gefen allo ya sake taɓa wannan wuri sai ya sake fitowa, ko da yanzu aka kashe shi. Idan mutum ya tsaya a bakin rami yana ja da baya yana matsowa don ya daidaita tsalle, da kansa yake kiran tsuntsu bayan tsuntsu. Wasan yana hukunta mai jinkiri, yana kuma saka wa wanda ya san hanya ya bi ta a guje ba tare da waiwaye ba.

A nan ne nake ganin bambancin da ya fi kowanne amfani ga mai zaɓi. A Ninja Gaiden kusan komai yana nan inda aka bar shi. Sojan da ya harbe ka a kan wancan tudu jiya yana nan yau, tsuntsun zai fito a daidai takun da ya fito ɗazu, saboda haka kowace mutuwa tana ƙara wa mutum sani, kuma bayan kwanaki yatsu suna haddace mataki kamar yadda baki ke haddace karatu, har a wayi gari ana ratsa wurin da ya ci rai hamsin ba tare da an taɓa mutum ba. Gwanayen da ke gasar sauri suna gama wasan duka cikin ƙasa da minti 12, abin da ke nuna cewa akwai tsabtatacciyar hanya daga farko har ƙarshe ga wanda ya neme ta. A Ghosts 'n Goblins kuwa sani yana taimakawa amma ba ya wadatarwa, domin gawawwakin maƙabarta suna tasowa daga ƙasa inda suka ga dama, wani lokaci a ƙarƙashin ƙafar Arthur, masu tashi suna ɓullowa ba bisa tsari ɗaya ba, jan aljanin kuma martani yake mayarwa. Abin da ake koya a can shi ne natsuwa da karanta abin da ke gaban ido a take, tare da yarda cewa wani lokaci za a yi komai daidai a mutu duk da haka. Akwai mutanen da wannan yake faranta musu rai, domin ba a taɓa maimaita zango iri ɗaya sau biyu. Akwai kuma waɗanda suke jin an zalunce su, kuma ni ina cikinsu a yawancin darare.

Dole a ƙara da cewa kaset ɗin NES na Ghosts 'n Goblins ba Capcom ce ta rubuta shi da hannunta ba, wani ƙaramin kamfani ne mai suna Micronics, kuma aikin bai kai na injin asali santsi ba. Hoton yana ɗan karkarwa idan ana tafiya, abubuwa suna ƙyaftawa idan sun yi yawa a allo, har wani lokaci abin da ya kashe mutum bai gan shi sosai ba. Ninja Gaiden ya fi shi tsabta nesa ba kusa ba, kiɗansa kuma, wanda Keiji Yamagishi yake cikin waɗanda suka tsara, yana tura mutum gaba. Idan na'urar tana da Ghosts 'n Goblins na injin jefa kuɗi, shi ya fi kyan gani da daɗin riƙewa, ko da yake ba ya da rangwame.

Kowanne daga cikinsu ya tanadi muguntarsa mafi girma sai a ƙarshe, kuma ya kamata mutum ya san su tun kafin ya zuba kwanakinsa. A Ghosts 'n Goblins, idan aka kai ƙarshen zango na shida ba a riƙe da garkuwa ba, ba a barin mutum ya shiga ɗakin sarkin aljanu, sai a mayar da shi zango na biyar ya je ya nemo ta, ga ta kuma makami ne mai gajeren zango. Idan ya samo ta, ya shiga, ya kashe sarkin, sai rubutu ya fito da gurɓataccen Turanci yana shaida masa cewa ɗakin nan ruɗi ne, tarko ne da Shaiɗan ya ɗana, a ɗauke shi a mayar maƙabartar farko ya sake wasan gaba ɗaya, abokan gaba kuma sun ƙara zafi. Sai a zagaye na biyu ake ganin ƙarshe na gaskiya, wanda bai wuce ƴan layukan taya murna ba, su ma da kuskuren rubutu. Ina yaro, a wani ɗakin wasa na unguwarmu inda muke biyan dala biyar a ba mu manet, na ga wani babban yaya da ya fi kowa iyawa ya kai wannan ɗaki bayan makonni yana fama. Mun cika ɗakin har ƙofa, muka yi sowa da dodon ya faɗi, sai ga Arthur a maƙabarta kamar ba a yi komai ba. Babu mai jin Turanci a cikinmu, don haka muka yanke cewa kaset ɗin ne ya lalace, mai ɗakin ya zare shi ya hura masa iska ya mayar. Na girma kafin na san cewa haka aka yi shi da gangan.

Ta Ninja Gaiden ba ta kai wannan tsawo ba, amma ta fi ciwo a lokacin da take faruwa. A ƙarshen babi na shida akwai faɗa uku a jere, da mahaifin Ryu da aka juyar masa da hankali, da Jaquio, da dodon kansa. A duk sauran wasan, wanda ya ƙarar da rayukansa yana ci gaba daga kusa da inda ya faɗi, kuma ba a iyakance masa sau nawa zai ci gaba ba. A nan kuwa mutuwa ɗaya a hannun ɗaya daga cikin ukun tana mayar da mutum farkon babin, mataki na 6-1, ya sake ratsa 6-2 da 6-3, waɗanda su ne mafi wuya a wasan duka. Ɗan sassaucin da ke ciki shi ne wanda aka riga aka kashe a cikin ukun ba ya dawowa muddin ba a kashe na'urar ba. Ma'ana, a Ninja Gaiden hukuncin babi ɗaya ne ake maimaitawa, kuma kowace maimaitawa tana ƙara gwaninta, a Ghosts 'n Goblins kuwa wasan ne duka ake ninkawa.

Wannan sharaɗi na kada a kashe na'ura shi ya kawo mu ga halin da muke ciki a Maradi, wanda masu sharhi na wasu ƙasashe ba sa sakawa a lissafi. Wasannin biyu a asalinsu ba su da wurin ajiye ci gaba, ba su kuma da kalmar sirri da za a rubuta a takarda a dawo gobe. A zama ɗaya ake gama su ko a fara daga farko. A watannin zafi, lokacin da wuta take ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya fi cutar da mai Ghosts 'n Goblins, wanda yake buƙatar zagaye biyu a jere. Mai Ninja Gaiden da ya haddace babi huɗu na farko yana iya komawa inda yake cikin ɗan lokaci, saboda abin da ya koya yana cikin yatsunsa. Yawancin ƙananan na'urorin yanzu da manhajojin kwaikwayo na waya suna ba da damar ajiye wasa a kowane lokaci, haka ma tsarin Nintendo Switch Online, wanda wasannin biyu suke cikinsa tun 2018, har da damar mayar da lokaci baya. Shawarata ita ce a yi amfani da ajiyar a farkon kowane zango kawai, a matsayin maganin ɗaukewar wuta. Wanda yake ajiyewa bayan kowane tsalle zai ga ƙarshen wasan a dare ɗaya, amma ba zai san dalilin da ya sa ake maganarsa shekara kusan arba'in ba.

Batun abin riƙewa gajere ne. Duk wanda zai yi ɗayansu a kan gilashin waya ba tare da manet ba yana ƙara wa kansa wahalar da masu wasan ba su tsara ba, kuma Ninja Gaiden ne ya fi lalacewa a haka, domin dirar bango tana buƙatar a danna alkibla da tsalle a tare cikin ƙiftawar ido, makami na biyu kuma sai an haɗa sama da madannin sara. Manet mara waya mai arha da yake jinkirta umarni ko da kaɗan ne shi ma yana jefa Ryu a rami. Arthur, da yake dama mai nauyin jiki ne, ya fi haƙuri da irin wannan kayan.

Akwai kuma tambayar da wa za a yi wasan. Idan a fada ne, abokai biyar ko shida a kan tabarma, butar shayi a kan gawayi, ana miƙa manet ga na gaba duk lokacin da aka mutu, Ghosts 'n Goblins ba shi da na biyu. Rai ba ya daɗewa, saboda haka layi yana tafiya da sauri, ba a buƙatar jin wani harshe, kuma ganin barde yana tsere da gajeren wando yana sa dariya ko sau nawa aka gani. Mutuwar da take ƙona ran mai wasa shi kaɗai ita ce abin nishaɗin taro. Ninja Gaiden ya fi dacewa da mutum ɗaya da ya keɓe, domin haddar ba ta ginuwa idan ana karɓe manet daga hannu, kuma labarinsa da Turanci yake, ko da Japananci idan bugun Japan ne aka saka a na'urar, abin da zai rage wa yaron da ya yi karatu da Faransanci wani kaso na daɗin, ko da yake zanen kaɗai yana isar da rabin zancen. Ga iyayen da suke duba abin da ƙananan yara ke kallo, ya kamata su san cewa Ghosts 'n Goblins cike yake da kaburbura da gawawwaki masu tafiya da ambaton Shaiɗan, kuma makamin da ya zama garkuwa a bugun Amurka gicciye ne a na Japan. Ninja Gaiden ma yana da gumaka da dodo, da wurin da ake harbin mutum da bindiga a cikin labarin. Zanen duka biyun na zamanin da ne, ba mai tayar da hankali ba, amma gara a sani tun da wuri.

Da aka auna duka wannan, abin da na gaya wa ɗana shi ne ya fara da Ninja Gaiden. Dalilina shi ne yana da hutu mai iyaka, yana wasa shi kaɗai yawancin lokaci, kuma yana so ya gama ne, ba ya ɗanɗana kawai ba. Ninja Gaiden yana biyan mai naci da ci gaban da ake gani kowace rana, yana ba shi labarin da zai ja shi zuwa babi na gaba, kuma idan ya faɗi zai iya nuna kuskurensa da yatsa. Ghosts 'n Goblins ya fi shi wuya idan ana maganar kaiwa ƙarshe na gaskiya, kuma wanda burinsa shi ne ya ce ya gama abin da ya gagari mutane, can ne zai je, amma ya je da sanin cewa sa'a tana da kaso a ciki, kuma zai iya kwashe mako bai ga zango na uku ba. Wanda yake son yanayinsa amma ba ya son kaifinsa yana da mafita a cikin danginsa: Ghouls 'n Ghosts na 1988 ya ba Arthur damar jifa sama da ƙasa, Super Ghouls 'n Ghosts na 1991 ya ba shi tsalle biyu a sama, Ghosts 'n Goblins Resurrection na 2021 kuma ya zo da matakan wahala da mutum zai zaɓa. A ɓangaren Ryu, kashi na biyu da ya fito a 1990 ya bar shi ya hau bango kai tsaye, abin da ya rage wahala sosai, amma kashi na uku a bugun Amurka na 1991 ya iyakance ci gaba, don haka ba wurin farawa ba ne.

Yau kwana tara ke nan da ya kama Ninja Gaiden. Jiya da dare na wuce ta ƙofar ɗakin na tarar yana mataki na 5-2, ya daina zagin tsuntsaye, yana ƙirga taku a hankali da bakinsa. Na tambaye shi ko ya ajiye wasan, ganin yadda hadari ya haɗo ta gabas, ya ce, "Na ajiye a farkon babin, Kawu, kamar yadda kuka ce." Ya ƙara da cewa ranar Juma'a abokansa za su zo, kuma sun riga sun yanke cewa mai gajeren wandon za su saka, wanda ya kashe jan aljanin ba zai sayi sukarin shayi ba.